DODON GEM DA DODON TATSUNIYA: A DAINA YI WA WASANNI KUƊIN GORO

Duk wanda ya ratsa lungunan Kakuri da Makera da Nasarawa, ko ya bi ta Barnawa da Narayi ya ɓulla Sabon Tasha da la'asar, ba zai rasa ganin ɗan shagon nan mai labule da janareto a ƙofa ba, wanda yara suka laƙaba wa suna gidan gem. A ciki za a tarar da talabijin uku ko huɗu, da benci, da yara sun yi cirko-cirko suna jiran layi. Yawancinsu ƙwallo suke bugawa, amma akwai wani nau'in wasa da ya fi tayar wa iyaye hankali, wato wanda jarumi ke shiga kogo ko kurkukun ƙarƙashin ƙasa, yana sauka hawa-hawa, yana sarar dodanni yana kwasar ganima, har ya isa ga babban dodo. Yanzu kuma wasan ya baro shago ya shigo aljihu, domin wayar uwa ko ta yaya ta wadatar.

Muhawara ta kaure a kan ko irin wannan wasa ya dace da yara, har jama'a sun rabu gida biyu. Kashi na farko, waɗanda muke jin muryarsu a tarurrukan iyaye da malamai da kuma a bakin wasu masu wa'azi na masallaci da na coci, cewa suke duk wasan da aka ga dodo a cikinsa aikin shaiɗan ne, a farfasa faifan, a rufe shagon. Kashi na biyu kuwa su ne masu cewa ai wasan yara ne, zanen kwamfuta ne kawai, su miƙa wa ɗan shekara bakwai waya don ya bar su su huta. Mu da muke tsayawa gaban allo kullum muna kallon idanun yaran nan, muna ganin dukkansu sun bar jaki suna dukan taiki. Na farkon sun ga dodo sun firgita, na biyun ko dubawa ba su yi ba.

Bari mu fara da masu tsoron dodo. Tambayarmu gare su ita ce, yaushe dodo ya zama baƙo a wajen ɗan Bahaushe? Da shi aka yaye mu. Kakanninmu sun ba mu labarin dodon da ke tare hanyar rafi, da wanda ke rikiɗa ya zama kyakkyawan saurayi ya auri yarinyar da ta ƙi samarin garinsu. Labarin kafuwar ƙasar Hausa ma da muke koyar da ɗalibai, me ya ƙunsa? Baƙo ne ya sauka Daura, ya tarar da macijiya ta hana ɗibar ruwa a rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a, ya zare takobi ya sare kanta, aka saka masa da auren sarauniya. Rami, dodo, takobi, lada. Idan aka cire wutar lantarki, wannan shi ne ƙashin bayan wasan da ake la'anta. Haka nan littattafan da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a 1933, irin su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, cike suke da aljanu da tafiye-tafiye masu hatsari, ga kuma Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa da ya biyo baya. An karanta su a aji shekara da shekaru, ba mu ji wanda ya ce sun mayar da ɗansa matsafi ba. Yaro yana bukatar dodo na ƙarya domin ya koyi yadda ake tunkarar tsoro kafin duniya ta haɗa shi da na gaskiya.

Mu marubuta da masu karatu, ya kamata a ce mun fi kowa gudun hukuncin kuɗin goro, domin mun ɗanɗana shi. Ba mu manta yadda aka tara littattafan Hausa aka cinna musu wuta a Kano a 2007 da sunan gyaran tarbiyya ba, ba tare da an tsaya an rarrabe na kirki da na banza ba. Ba a ƙasarmu kaɗai ake irin wannan gaggawa ba. A Amurka, wasan Dungeons & Dragons da ya fito a 1974, wanda shi ne kakan duk wasannin kogon nan, kuma da takarda da fensir da ɗan lido ake yinsa, ya sha zargin koyar da tsafi a shekarun 1980. Kura ta lafa, wasan yana nan. Game da zancen cewa gem ne ke mayar da yaro ɗan ta'adda kuwa, ƙungiyar masana halayyar ɗan'adam ta Amurka ta bayyana a 2020 cewa babu isasshiyar hujjar kimiyya da ke nuna wasannin ne ke sa mutum aikata laifin zubar da jini, ko da yake ta ce akwai 'yar alaƙa tsakaninsu da saurin fushi, kamar tsawa da ture-ture. Saboda haka wanda ya ɗora wa gem alhakin sara-suka, ya sauƙaƙa wa kansa bincike ne kawai.

To, amma kada masu cewa wasan yara ne su yi saurin tafi, domin nasu kuskuren ya fi muni. Ba kowane dodo ne na yara ba, kuma masu ƙera wasannin da kansu sun faɗa. Ɗauki Diablo, wanda kamfanin Blizzard ya fitar a farkon 1997, wanda kuma shi ne ya fi shahara a wannan fage. Mai wasa yana farawa ne daga wani gari mai suna Tristram, ya shiga ƙarƙashin wata majami'a, ya yi ta sauka har hawa 16, na ƙarshensu a cikin Jahannama. Tun a hawa na biyu zai iya faɗawa ɗakin wani dodo da ake kira Mahauci, inda gawarwakin mutane ke rataye, jini ya malale ƙasa. Wannan wasa, da ƙaninsa Diablo IV na 2023, harafin M ke jikinsu, wato sai mai shekara 17 zuwa sama. Uban da ya bar ɗan firamare gaban wannan, bai da bambanci da wanda ya kai shi kallon fiɗa a mayanka da tsakar dare.

Kwatanta shi da Minecraft Dungeons na 2020. Shi ma kogo ne, shi ma da kwarangwal da gawa mai tafiya, amma duk an zana su ne da 'yan tubala kamar kayan wasan jarirai, babu jini, kuma yara huɗu na iya haɗa kai su taimaki juna. A Turai an ba shi lambar 7, a Amurka kuma aka ce daga shekara 10. Akwai kuma Pokémon Mystery Dungeon da ya fara fitowa a Japan a 2005, inda yaron da kansa ne ke zama ɗan ƙaramin dodo, aikinsa shi ne shiga kogo ya ceto waɗanda suka maƙale, kuma ba ya gane labarin sai ya karanta rubutun da ke fitowa. Dukkan ukun sunansu wasan dodo a kogo, amma tazarar da ke tsakaninsu ta kai wadda ke tsakanin littafin aji biyu da littafin ma'aurata.

Waɗannan haruffa da lambobi ba ado ba ne. Asalinsu shi ne zaman da majalisar dattawan Amurka ta yi a Disambar 1993, lokacin da aka yi ca a kan wasan Mortal Kombat, abin da ya sa kamfanonin suka kafa hukumar ESRB a 1994. Harafin E na kowa ne, T na mai shekara 13, M na mai 17. Turai ta bi sahu da tsarin PEGI a 2003, mai lambobi 3 da 7 da 12 da 16 da 18. Suna nan a goshin kwalin faifai, suna nan a ƙarƙashin sunan wasa a Play Store. Abin takaici, a gidan gem ba a ganin kwali, domin an riga an zuba wasannin cikin na'ura, kuma mai shago kuɗin yaro yake tambaya ba shekarunsa ba. A gida kuwa, uban da ba zai sayi maganin tari ba sai ya duba ranar lalacewarsa, shi ne ba ya iya duba lamba ɗaya a kan wasan da ɗansa zai kwana da shi.

Ko da an dace da wasan da ya yi daidai da shekarun yaro, da sauran magana, kuma a nan ne kakanninmu suka fi mu dabara. Ba su taɓa sakin dodo haka kawai ba. Na farko, akwai babba a wurin. Tsohuwa tana ba da labari tana kallon fuskar jikokinta, in ta ga ƙaramin ya fara maƙalewa a zanenta sai ta sassauta, ta kawo Gizo ya yi wauta a yi dariya. Na biyu, akwai lokaci, domin ba a yin tatsuniya da rana, sai an gama aiki an ci tuwo. Na uku, akwai ƙarshe. Ana cewa ƙurunƙus kowa ya nufi shimfiɗa.

Wasan kogo kuwa an gina shi ne don kada a ce ƙurunƙus. Dabarar ita ce, duk dodon da aka kashe yana iya zubar da ganima, amma ba a san wacce ba, ba a kuma san yaushe ba. Sau goma a samu tsummoki, na goma sha ɗaya a samu takobin zinariya. Wannan rashin tabbas shi ke riƙe yaro, kamar yadda yake riƙe babba a gaban kalo-kalo, kullum zuciya na cewa saura ɗaya. A wasu wasannin, musamman na waya da ake saukewa kyauta, an ma ƙara da sayar da akwatin sa'a, a biya kuɗi na gaske ba a san abin da ke ciki ba. Ƙasar Beljiyam ta ɗauki wannan a matsayin caca tun 2018, shi ya sa da Diablo Immortal na waya ya fito a 2022 ba a sake shi a can ba, haka ma a Holan. Mu da shagunan cacar ƙwallo suka cika mana unguwanni, ba ma bukatar a fara yi wa 'ya'yanmu share fage tun suna aji huɗu.

Alamun ba ɓoyayyu ba ne ga malami. Mun san ɗalibin da ke gyangyaɗi tun darasin farko, da wanda kuɗin tararsa ke ƙarewa a gidan gem ya wuni da yunwa, da wanda ke zamewa bayan tara ba a sake ganinsa sai gobe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya kamuwa da wasan gem cikin jerin cututtukanta a 2019, ta kuma bayyana shi da cewa mutum ya kasa tsayar da kansa, ya fifita wasan a kan sauran al'amuransa, ya ci gaba duk da yana ganin illa, har na tsawon kimanin shekara guda. Ba kowane yaro mai son wasa ne ya kai nan ba, kaɗan ne ma, amma ba a jira sai ya kai. Ƙasar Sin da ta ga abin ya yi yawa, a 2021 ta ƙayyade wa 'yan ƙasa da shekara 18 awa ɗaya tak ta wasan intanet a ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Ba mu ce a kwaikwayi wannan tsanani ba, amma ya nuna cewa lokaci ne abin lura, ba ƙahon dodo ba.

Mun san za a ce iyaye ba su da sukuni. Gaskiya ne, tun da masaƙun Kakuri suka durƙushe a shekarun 2000, gidaje da yawa a kudancin kogin nan uba da uwa duk fita suke tun asuba neman abin sawa a baki, ba su dawowa sai dare. Amma abin da muke nema bai kai wuni ba. A duba lambar shekaru kafin a sauke wasa. A zauna da yaro minti goma sha biyar a ga abin da yake yi, a tambaye shi labarin, domin yaron da ya iya ba da labarin wasansa daga farko zuwa ƙarshe ya fara koyon insha'i ke nan. A yanka masa lokaci bayan aikin gida da na makaranta, waya ta kwana a ɗakin iyaye, kuma kada a haɗa ta da katin banki. Manhajar Family Link ta Google kyauta ce, tana rufe waya idan lokaci ya cika. Masu unguwanni da ƙungiyoyin iyaye da malamai su zauna da masu gidajen gem a yi yarjejeniya: ba yaro mai kayan makaranta a lokacin karatu, ba wasa mai harafin M ga wanda bai kai ba. Wannan ya fi rufe shago, domin in an rufe na bakin titi, na lungu za a buɗe.

Daga ƙarshe, ga tsokaci ga 'yan'uwa marubuta. Yaranmu sun haddace sunayen dodannin Japan da na Amurka, amma da yawansu ba su san sunan rijiyar Daura ba. Ba su suka jawo haka ba, domin abin da aka kawo musu kasuwa shi suka saya. Kowane wasa da labari yake farawa kafin mai kwamfuta ya sa hannu, labari kuwa sana'armu ce. Muna da Gizo da Ƙoƙi, muna da Botorami, muna da kogunan duwatsu da tsofaffin ganuwoyi da suka ishi a gina wasa ɗari. In mun tsaya tsine wa dodon wasu ba mu fito da namu ba, yaran za su ci gaba da bin wanda suka samu. Allah ya shirya mana zuri'a.