Salula da maganar da ba ta da uba

Har zuwa farkon shekarar 1990, baki ɗaya ne ke magana a ƙasar Nijar, sauran jama'a kuwa aikinsu saurare. Muryar Sahel da Tele Sahel da jaridar Le Sahel duk na gwamnati ne, wanda ke son jin wani zance daban sai ya murɗa akwatinsa ya kamo sashen Hausa na BBC, ko Muryar Amurka, ko rediyon Kaduna. Jinin ɗaliban da aka zubar kan gadar Kennedy a Yamai ran 9 ga watan Fabrairu na 1990 shi ya buɗe ƙofa. Jaridar Haske ta fito a wannan shekara, Le Républicain ta biyo baya a 1991, aka zauna Taron Ƙasa daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba na 1991, daga baya gidajen rediyo masu zaman kansu irin su Anfani suka soma watsa shirye-shirye. Bakuna sun yawaita, amma kowane baki da sunansa da mazauninsa. In jarida ta yi ƙarya, an san ƙofar da za a buga.

Salula ta shigo ƙasar a 2001, ba kuwa mai musun alherin da ta zo da shi. Kafin zuwanta, ɗan kasuwar Maraɗi da ke son sanin yadda gero ya kwana a Damagaram ko a Dawanau ta Kano sai ya tura yaro a mota, ko ya jira direban da ya dawo, sau da yawa kafin labari ya iso farashi ya riga ya sake. Wata masaniyar tattalin arziki ƴar Amurka, Jenny Aker, ta bi diddigin kasuwannin hatsi na Nijar daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa shigowar salula ta rage bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Ma'aikacin da aka tura aiki Bilma ko Difa ya samu hanyar jin lafiyar iyalinsa ba tare da jiran wasiƙa ba, ɗan ci-rani a Legas ko Abijan kuma ya samu hanyar sanar da gida cewa aike na tafe.

Daga baya intanet ta shiga cikin salular, WhatsApp da Facebook suka zama wata sabuwar fada wadda ba ta watsewa dare da rana. A ƙasar da yawancin manya ba su zauna lakkal ba, saƙon murya ya kawar da shingen boko: manomi a Madawa yana iya ɗaukar muryarsa da Hausa, kafin magariba an ji ta a Agadas. Rijiyar da ta rufta, da asibitin da ba magani, da jami'in da ya tsare hanya yana karɓar na goro, duk sun samu mai kai ƙararsu gaban jama'a. Wannan ci gaba ne, duk mai ƙaunar dimokuraɗiyya ya kamata ya yi murna da shi.

Sai dai alherin ya zo da wutsiya. Sankiran da ke shela a kasuwa, kowa ya san wanda ya aiko shi. Malaman hadisi kuwa ba su karɓar magana sai sun san wanda ya faɗe ta, da wanda ya ji daga bakinsa, da halin kowannensu. Saƙon da ke yawo a salula ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Murya ce kawai, ba suna, ba rana, ba gari, amma sai a tura ta gaba domin ta fito daga wayar aboki ko ta ɗan'uwa, amanar da ke tsakanin mutane ta zama abin hawan ƙarya. Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin haɗarin wannan, domin jarinsa na gaskiya sunansa ne. Murya guda da ta ce wane ya karye, ko kayansa jabu ne, ta isa ta sa masu ba shi bashi su janye hannu. Jita-jitar za a rufe iyaka ta isa ta ɗaga kuɗin tiyar gero kafin hukuma ta buɗe baki. Ma'aikaci shi ma yana gani: takardar da ba a sa wa hannu ba tana yawo a gari, wata ma ta jabu ce da hatimin ma'aikata a kanta. Magana zarar bunu ce tun can, balle yanzu da ta samu fukafukai.

Maganin da hukumomi suka zaɓa shi ne abin dubawa. A 2019 aka kafa dokar yaƙi da laifuffukan intanet, wadda ta tanadi ɗauri kan ɓata suna da yaɗa abin da ka iya dagula zaman lafiya, alhali tun 2010 an cire ɗauri daga laifuffukan aikin jarida. A watan Yuni na 2020 aka tsare ƴar jarida Samira Sabou saboda abin da ya fito a shafinta na Facebook game da binciken kuɗaɗen ma'aikatar tsaro, ta kusa mako bakwai a kurkuku kafin kotu ta sallame ta. Bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa a watan Fabrairu na 2021, tsakanin Mohamed Bazoum da Mahamane Ousmane, an katse intanet ta salula kimanin kwana goma. A 2022 aka gyara dokar aka cire ɗauri kan ɓata suna da zagi, a watan Yuni na 2024 kuma gwamnatin soja ta maido da shi. Gwamnatoci sun sauya, farar hula da masu kaki, amma sandar ɗaya ce.

Abin tambaya a nan shi ne: wa sandar ta fi samu? Mai ƙirƙirar ƙarya yakan ɓoye sunansa, wani lokaci ma daga wajen ƙasa yake. Wanda hannu ke kaiwa gare shi shi ne wanda ya sa sunansa a kan maganarsa, wato mutumin da ya kamata a ƙarfafa. Sa'ad da aka katse intanet kuma, mai tada fitina da mai cinikin albasa a Galmi tare ake rufe musu baki. Jita-jita ba ta mutuwa don an kashe rezo, komawa take bakin tasha da gindin bishiya, inda ba mai iya ƙaryata ta. In masu gaskiya suka ji tsoro suka yi shiru, fili ya zama na marasa suna.

Ƙarya tana tsirowa ne inda hukuma ta yi gum. Ma'aikatar da ke fito da bayani da wuri, da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek da Barbarci, ba da Faransanci kaɗai ba, ta rage wa masu jita-jita kasuwa. Wanda aka ɓata wa suna yana da haƙƙi, kotu ta bi masa shi ta hanyar diyya da tilasta wa mai laifi ya janye maganarsa a inda ya yi ta, kurkuku kuwa a bar ta ga mai kiran a zubar da jini. Sauran aikin na masu riƙe da salula ne, musamman alhazan kasuwa da ma'aikata, waɗanda ake ɗaukar abin da ya fito daga wayarsu da nauyi. Ɗan kasuwa ba ya sayen buhu sai ya soka ya ga ƙwayar da ke ciki. Saƙo ma haka ya cancanta: wa ya faɗa, yaushe, a ina? In ba amsa, ya tsaya nan. Ƴancin faɗar albarkacin baki da tsada aka samo shi a ƙasar nan, kuma kowace ƙarya da aka tura gaba hujja ce ake miƙa wa mai neman ƙwace shi. Allah Ya kiyaye.