Wutar Rana Ko Man Fetur: Abin Da Ya Raba Kan Jama'a

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, gardama ta kaure a jihohin Arewa a kan ko a rungumi wutar hasken rana, wato sola, ko kuwa a ci gaba da dogara ga mai da gas. Dalili kuwa shi ne litar fetur da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 1,000 kafin ƙarshen 2024.

Manoman rani, da masu cajin waya, da masu sayar da ruwan sanyi, galibinsu suna bayan sola. Hujjarsu ita ce injin ban-ruwa ko janareto kullum sai an ba shi mai, amma farantin sola sau ɗaya ake saye. Abin da ya faru a watan Oktoba na 2024, lokacin da lalacewar manyan layukan lantarki ta jefa yawancin jihohin Arewa cikin duhu fiye da mako guda, ya ƙara musu ƙarfin gwiwa.

Masu masana'antu a Sharaɗa da Bompai a Kano, da masu walda da injin niƙa, ra'ayinsu dabam ne. A ganinsu sola ba ta ɗaukar manyan injuna, balle da dare, sai da batura masu ɗan karen tsada. Tashar sola ta Kumbotso da aka buɗe a 2023 megawat 10 kacal take bayarwa. Saboda haka suka sa ido ga bututun gas na Ajakuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka fara shimfiɗawa a 2020.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. To, amma babbar matsalar ita ce kuɗin farko. Mai hali ya sayi sola ya huta, talaka kuwa yana ta sayen mai a galan, ya ƙare ya biya fiye da mai halin. Ya kamata gwamnatocin jihohi da bankuna su fito da hanyar sayen kayan sola bashi, a biya kaɗan-kaɗan bayan girbi, a kuma hana shigo da na jabu. In ba haka ba, rana da Allah ya ba kowa kyauta za ta zama ta masu kuɗi kaɗai.