Mudun Da Iyali Ke Auna Fim Da Shi

Kowane fim sau biyu ake yi masa shari'a. Ta fari ita ce ta masana da masu raba lambobin yabo. Ta biyu kuwa a tsakar gida ake yin ta, bayan sallar lisha, sa'ad da aka kawar da kwanukan tuwo aka taru gaban akwatin talabijin. Hukuncin wannan majalisa shi ne mai ƙarko, gama ita ke da ikon cewa a sake kunna fim gobe, ko kuwa kada ya ƙara shigowa gidan.

Majalisar ba ta daɗe da kafuwa ba. A zamanin da gidajen silima irin su Rex da Palace da Plaza ke tashe a Kano, kallon fim sha'anin samari ne. Matan aure ba sa zuwa, dattijon kirki kuma ba ya son a gan shi a bakin ƙofar. Sai da talabijin da bidiyo suka shiga gidaje, aka kuma soma fim ɗin Hausa na kaset da Turmin Danya a 1990, sa'an nan kallo ya zama na iyali duka.

To, a wannan majalisa kowa da mudunsa. Maigida darasi yake nema, don haka yakan ɗaukaka irin su Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Uwargida tana duban ko azzalumi ya ga sakayya, ko mai haƙuri ya ci riba. Shi ya sa iyaye mata ba su manta da Mother India na 1957 ba, inda Nargis ta fito a matsayin uwar da ta yi renon 'ya'yanta cikin ƙangin mai ba da bashi da ruwa, daga bisani ta harbe ɗan cikinta don ta kare mutuncin 'yar wani. Samari jarumtaka suke so, kamar ta Amitabh Bachchan da Dharmendra a Sholay na 1975. 'Yan mata sukan bi waƙa, yadda aka bi ta Sangaya a 1999. Yara kuwa, in dai marigayi Rabilu Musa Ibro ya bayyana, magana ta ƙare.

Amma akwai mudu guda da ya danne sauran, shi ne kunya. Duk fim ɗin da ya sa maigida ya miƙe wai zai duba ƙofa, ko uwargida ta aiki yaro ɗebo ruwan da ba ta bukata, ya fāɗi, kome kyawun labarinsa. Ta haka finafinai kan kasu uku: wanda ake maimaitawa har a kunna wa baƙo, da wanda kallo ɗaya ya ishe shi, da wanda ake kashewa tun bai kai rabi ba. Jihar Kano ta kafa hukumar tace finafinai a 2001, amma hatimin hukuma bai taɓa ɗauke wa gida wannan aiki ba.

Ba a ce mudun gida ba shi da aibu ba. Sau da yawa akan fifita fim mai dogon wa'azi da raunin labari bisa wanda aka tsara da gwaninta. Duk da haka, gardamar da ake yi kafin a yanke hukunci makaranta ce. A nan yaro ke jin dalilin da ya sa ubansa ya ƙi abu, a nan kuma yake koyon kawo hujja cikin ladabi.

Abin tsoro shi ne majalisar ta kama hanyar watsewa. Shirye-shirye masu dogon zango irin su Daɗin Kowa na tashar Arewa24 sun tara iyali, amma wayar hannu tana raba su, kowa ya shige ɗaki da YouTube, ba mai sanin abin da wani ke kallo. Ya kamata magidanta su ware ko da dare ɗaya a mako don kallon tare. In an gama kuma, a bar ƙaramin gida ya fara faɗin ra'ayinsa, domin in babba ya riga shi, ba za a ji abin da ke ransa ba. Allah Ya sa a gyara.