Aikin jarida a Kano: Wa ke ɗauko labarin Karaye da Rogo?

Tun bayan da gidan rediyon Freedom ya fara watsa shirye-shirye a Kano a watan Disambar 2003, yadda 'yan jaridar jihar ke kallon aikinsu ya sauya.

Kafin nan, Rediyon Kano da talabijin na CTV da jaridar Triumph duk mallakar gwamnatin jihar ne, kuma abin da aka fi sa ran ma'aikacinsu ya yi shi ne isar da saƙon hukuma ga jama'a. Da zuwan shirye-shirye irin su Inda Ranka, sai ɗan jarida ya fara ɗaukar kansa a matsayin mai kai kukan talaka gaban masu mulki, wanda dama nauyi ne da sashe na 22 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora masa.

Wasu sun ɗanɗana kuɗarsu a kan haka. An kashe Enenche Akogwu na talabijin ɗin Channels a bakin aiki yayin hare-haren ranar 20 ga watan Janairun 2012, sannan a 2013 aka gurfanar da ma'aikatan Wazobia FM a gaban kotu saboda wani shiri kan rigakafin shan inna.

To sai dai kukan wane talaka ake kaiwa? Akasarin gidajen rediyo masu zaman kansu a cikin birni suke. Manoman Karaye da Rogo, a yammacin jihar, na sauraronsu safe da yamma, amma ba kasafai suke jin labarin garuruwansu ba.

Yankin ya cika kafafen yaɗa labarai a 2019 lokacin da gwamna Abdullahi Ganduje ya ƙirƙiro masarautar Karaye, da kuma 2024 lokacin da gwamna Abba Kabir Yusuf ya rushe ta, kana ya maido da ita da daraja ta biyu, da ƙananan hukumomin Karaye da Rogo kaɗai a ƙarƙashinta. Batun noman rani a madatsar ruwa ta Challawa, ko tsadar taki, ko halin hanyoyin ƙauyukan Rogo da ke iyaka da Kaduna da Katsina, bai taɓa samun irin wannan kulawa ba.

Babban dalili shi ne kuɗi. Tura wakili ƙauye na cin mai da wuni guda, albashi kuma bai taka kara ya karya ba. Don haka sau da yawa ɗan jarida kan isa can ne a ayarin wani ɗan siyasa, ya dawo da na goro a aljihu, kuma da wuya ya soki wanda ya ɗauke shi a mota. Ba Kano kaɗai ba ce: a ƙasar Habasha ma 'yan jarida na da sunan da suke kiran irin wannan kuɗi, wato buche.

Lokacin da gidajen ke sayarwa kuwa, sojojin baka na 'yan siyasa ne suka fi saye. A watan Mayun 2025 gwamnatin jihar ta sanar da hana watsa shirye-shiryen siyasa kai tsaye, tana mai cewa ana cin mutuncin jama'a, matakin da masu kare 'yancin 'yan jarida suka yi tir da shi.