Ƙwan tsutsa a hoto: gilashin makro ko juyayyen gilashi?



Wani ɗalibi daga Tudun Wada ya ce ya ga wasu ƙwayaye manne a ganyen masarar mahaifinsa, ya ɗauke su da waya don ya nuna wa malamin gona, amma hoton ya fito dishi-dishi. Yana tambayar wane gilashin kyamara ake ɗaukar ƙananan abubuwa da shi.

Tambayar ta zo a kan gaɓa. Tun 2016 da aka fara ganin baƙuwar tsutsar masara a Najeriya, wadda asalinta nahiyar Amurka ne, manoma daga Bebeji da Kiru har Doguwa sun san ɓarnarta. Ƙwanta ɗaya bai kai rabin milimita ba. Ita kuwa tsutsar, ana gane ta da alama kamar harafin Y a kife a goshinta, da ɗigo huɗu baƙaƙe kusa da wutsiya. Idan hoto ya nuna waɗannan tun kafin ta nutse cikin tsakiyar masara, manomi ya san da wa yake yaƙi, ba zai zubar da kuɗinsa kan maganin da bai dace ba.

Hanyoyi biyu ne. Ta farko ita ce gilashin makro, wanda don wannan aiki aka ƙera shi. Canon ya fitar da MP-E 65mm a 1999, yana ninka girman abu har sau biyar, ta yadda ƙwayar shinkafa ɗaya kan kusan cika hoto. Akwai kuma Laowa 25mm mai ninkawa daga biyu da rabi zuwa biyar. Hotonsu tas yake fitowa har gefe-gefe. Sai dai kuɗinsu ya fi ƙarfin ɗalibi nesa ba kusa ba, kuma duka biyun ba sa ganin nesa: ko fuskar abokinka ba za ka ɗauka da su ba.

Ta biyu ita ce a juya gilashi na yau da kullum, gaba ya koma baya. Aikinsa na asali shi ne ya tattaro babban abu, kamar madatsar ruwa ta Tiga, ya ƙanƙantar da shi cikin kyamara. Da an juya shi sai ya yi akasin haka. Gilashi mai lamba 50mm yana ba da abu kusan daidai girmansa, mai 28mm kuwa ya ninka shi kamar sau biyu. Lamba na raguwa, girma na ƙaruwa. Wani zobe mai araha ake ɗaura masa a baki, a maƙala shi a kyamara.

Amma araha ba ta ado. Kyamara ta daina sarrafa gilashin, don haka saiti da jikinka za ka yi, kana matsawa gaba da baya har abin ya fito. Ƙofar haskensa ma da hannu za a murɗa, shi ya sa tsohon gilashi na zamanin fim ya fi dacewa. Ku tambayi tsofaffin masu hoto na garinku, wani yana da shi a akwati. Sannan bayan gilashin, wanda ya saba zama a rufe, yanzu yana waje. Na taɓa barin nawa a buɗe rana ɗaya cikin hunturu, duk hoton da na ɗauka bayan nan sai da tabon ƙura.

Akwai matsalar da tsada ba ta magancewa. Ko da wanne ka ɗauka, siririn wuri ne kawai ke fitowa sarai, wani lokaci bai kai milimita ba: kan tsutsa ya fito, jikinta ya ɓace. Saboda haka ku tsinko ganyen ku shimfiɗa a tebur inda akwai haske, ku kafa gwiwar hannu, ku jingina farar takarda a gefe ta mayar da haske. Ku ajiye tsinken ashana kusa da ƙwan don malamin gona ya gane girmansa.

Ni dai a ganina, ɗalibi ya fara da juyayye. Wanda ma ba shi da kyamara zai iya kifa tsohon 50mm a kan idon wayarsa, ya riƙe da hannu. Baƙin da'ira zai kewaye hoton, sai a yanke. Kada ku kalli rana ta cikinsa, kuma kada ku taɓa ganyen da aka yi wa feshi.

Wanda ya gwada ya aiko mana da hotonsa da sunan makarantarsa, za mu buga mafi kyau a mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.