Kama Da Wane Ba Wane Ba Ne: Mu Koyi Kalmomin Turanci Dangi-Dangi

Duk shekara idan jarrabawar kammala sakandare ta ƙarato, wanda ya zaga birnin Sakkwato da yamma, daga Mabera zuwa Runjin Sambo, zai ga yara rungume da ƙananan littattafai suna haddar kalmomin Turanci ɗai-ɗai. Ban ga laifinsu ba. Sun san cewa ko ɗalibi ya tara kiredit takwas a WAEC ko NECO, muddin babu na Turanci a ciki, to, ƙofar mafi yawan kwasa-kwasan Jami'ar Usmanu Danfodiyo da sauran jami'o'in ƙasar nan a rufe take gare shi. Yara da yawa masu hazaƙa sun zauna gida shekara biyu ko uku saboda wannan darasi guda, iyayensu kuma suna ta biyan kuɗin sake zama.

Abin da nake jayayya da shi shi ne hanyar da ake bi. Haddar kalma ita kaɗai, ba uwa ba uba, ɗiban ruwa ne da kwando: yaro ya haddace hamsin ranar Litinin, kafin Juma'a saura biyar. Alhali kuwa kalmomin Turanci suna da dangi, kuma dangin suna da alama, wato wani jerin haruffa da ke maimaituwa a cikinsu. Kamar yadda dattijo ke duban tsagar fuskar mutum ya ce wannan Bagobiri ne, wancan Bakabe, haka mai karatu zai iya duban kalmar da bai taɓa gani ba ya gane gidansu. Sai dai dattijon ya san bambancin tsagar gado da tabon rauni. Wannan bambanci shi ne jigon maganata ta yau.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Ɗan Sakkwato ba ya buƙatar ƙamus kafin ya san abin da ake yi a Maƙera Assada ko abin da ya sa aka kira wata unguwa Marina. Ya san ƙira, ya san maƙeri, ya san maƙera. Ya san rini da marini da marina. Ya san jima da majemi da majema. Ƙa'ida ɗaya ta buɗe masa kalmomi barkatai. Wanda ya zauna gaban malaman zaure kuma ya san cewa baƙaƙen nan uku na Larabci, kaf da ta da ba, su ne suka haifi kitabu da katibu da maktabu. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa littafi sukutum a kan ilimin sarfu, wato Hisnur Rasin. Ke nan al'ummar da ta gaji nazarin ƙirar kalma tun ƙarni na 19, bai kamata 'ya'yanta su riƙa tunkarar Turanci da ka kawai ba.

A nawa nazarin, jerin haruffan da kalmomin Turanci ke tarayya a kai iri uku ne, kuma kowanne da irin amfaninsa.

Na farko shi ne jerin da ke ɗauke da ma'ana, kuma shi ne mafi albarka. Ɗauki “port”, wanda ya samo asali daga kalmar Latin mai nufin ɗauka ko kaiwa. “Import” shigo da kaya ne, “export” fitar da su, “transport” kai su daga wani wuri zuwa wani. “Porter” ɗan dako ne, “portable” abin da ake iya ɗauka, “deport” a tasa ƙeyar mutum a fitar da shi daga ƙasa. “Report” kuwa ɗauko labari ne a dawo da shi, kuma ita ce Bahaushe ya ara ya mayar rahoto. Ɗauki “tract”, mai nufin ja. Tarakta tana jan garma. “Attract” jawo hankali ne, “distract” janye shi, “subtract” janye wani adadi daga lissafi, “extract” zaro wani abu daga cikin wani. “Contract” jawo ɓangarori biyu ne wuri ɗaya su ƙulla yarjejeniya, kuma daga nan muka sami kwangila. Ɗauki “spect”, mai nufin duba. Sufeton da muka sani “inspector” ne, mai duba aiki. “Spectator” ɗan kallo, “spectacles” tabarau, “suspect” wanda ake yi wa kallon tuhuma, “respect” kuwa sake duban mutum da idon girma.

Mai karatu zai lura cewa a kowane gida akwai wata kalma da ta riga ta zama tamu: rahoto, tarakta, kwangila, sufeto. Haka bidiyo da biza da talabijin duk 'yan gidan “vid” ko “vis” ne, wato gani. Yaron da aka fara masa darasi da abin da yake faɗa kullum, ya shiga gidan ne ta ƙofar da ya sani.

Me ya sa irin waɗannan suka yi yawa? Tarihi ne. A shekarar 1066 Normawa, masu magana da Faransanci, suka ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a na tsawon ƙarnuka, Latin kuma yana riƙe da ilimi da rubuce-rubuce. Shi ya sa fiye da rabin kalmomin da ke cikin ƙamus na Turanci daga waɗannan harsuna biyu suka fito. Kuma su ne dogayen kalmomin nan da ke cika nassin fahimta da na taƙaitawa a jarrabawa, waɗanda ke sa gaban ɗalibi ya faɗi. Su ne ma suka fi sauƙin warwarewa ga wanda ya san gaɓoɓinsu.

Iri na biyu shi ne jerin da ba ya faɗin ma'ana amma yana faɗin furuci da rubutu. “Light”, “night”, “right”, “fight”, “sight”, “bright” babu abin da ya haɗa su a ma'ana, amma wanda ya iya rubuta ɗaya ya iya rubuta sauran. Ƙarshen nan na “tion” kuwa sautinsa yana nan cikin kalmarmu ta tasha, wadda muka aro daga “station”. Yana da wata ƙa'ida mai daraja: ƙarfin furuci yana sauka ne a kan gaɓar da ke gabaninsa, ko a “nation” ne, ko a “education”, ko a “examination”. Takardar gwajin furuci ta WAEC tana tambaya a kan inda ƙarfin murya ke faɗawa, don haka wannan ƙa'ida guda maki ce a aljihu. Haka “ture” a ƙarshen “picture” da “nature” da “culture”: wanda ya san yadda “lecture” ta koma lacca a bakinmu, ya riga ya ji sautin.

A nan akwai wata matsala tamu ta gida. Hausa ba ta bambanta “p” da “f”, mu Sakkwatawa kuma mun ƙara da namu salon, muna cewa hwata da hwari inda Bakano zai ce fata da fari. Wannan ado ne a harshenmu, amma a Turanci “port” daban, “fort” daban, haka “pull” da “full”, haka “pan” da “fan”. Ga kuma “ph”, wanda ake rubutawa da “p” a furta shi “f”, kamar a “phone” da “graph” da “photo”, wadda muka mayar hoto. Maganin abin shi ne malami ya jera kalmomin bibbiyu a kan allo, yara su furta su da babbar murya har kunne ya saba.

Iri na uku shi ne tarko, tabon da ya yi kama da tsaga. Babban misalinsa “ough”. Haruffa huɗu ne ba su canjawa, amma a “though” suna amo kamar na “go”, a “through” kamar na “too”, a “plough” kamar na “now”. A “tough” da “cough” sai ga sautin “f” ya ɓullo a ƙarshe, wasulansu kuma ba ɗaya ba. “Thought” da “thorough” kowacce ta kama gabanta. Furuci bakwai ke nan. Dalili kuwa shi ne a da can “gh” sauti ne na maƙogwaro, kusa da “kha” ta Larabci, irin wanda Jamusawa ke furtawa har yau a kalmarsu ta dare, “Nacht”. Da tafiya ta yi tafiya sai ya ɓace a wasu kalmomi, a wasu ya rikiɗe ya zama “f”. William Caxton ya kafa injin ɗab'i na farko a Ingila a 1476, rubutu ya soma daskarewa a kan takarda, baki kuwa ya ci gaba da sauyawa. Rubutun bokon Hausa ɗan jiya ne, tsara shi aka yi don harafi ya dace da sauti, shi ya sa yaron da ya fara da shi yake zaton kowane harshe haka yake. Wajibi ne a gaya masa tun da wuri cewa Turanci ba ya cika wannan alkawari.

Tarkon yana nan a ɓangaren ma'ana ma. “Portrait” da “portion” suna da “port”, amma ba ruwansu da ɗauka. Ƙarshen “er” yana nuna mai aikata abu a “teacher” da “driver” da “bricklayer”, waɗanda biyu daga cikinsu suka zama direba da birkila, amma “water” da “finger” ba wanda suke nufi, “cooker” kuwa murhu ne, mai dafa abincin “cook” ne. Kada wannan ya ba mu mamaki, don mu ma ba kowace “ma” ce ke nuna mai sana'a ba. Mage ba ta yin wani aiki mai suna “ge”, mangwaro da madara ba unguwanni ba ne. Kama da wane ba wane ba ne.

Wani abin sha'awa shi ne, wasu haruffan da ake gani kamar banza suke zaune, shaidar zumunta ce. Ba a furta “g” a “sign”, amma ga ta ta yi magana a “signature” da “signal”, wato siginar da direba ke bayarwa. Ba a furta “w” a “two”, amma tana fitowa a “twin” da “twice” da “twelve” da “twenty” da “between”, kuma duk akwai biyu a cikinsu. Yaron da aka nuna wa haka ba zai sake mantawa da waɗannan haruffa a rubutu ba.

Na san akwai masu cewa duk wannan wahala ce, a bar yaro ya yi ta karanta littattafai, kalmomi za su zo da kansu. Akwai gaskiya a ciki, ni ma ban ce dabarar nan za ta maye gurbin karatu ba. Kalmar da ba a gamu da ita cikin jimla ba, ba ta zama ta mutum. Amma mu dubi halin da muke ciki. Ɗan Landan yana jin Turanci daga wayewar gari zuwa dare. Ɗan Gidan Dare yana jin sa ne a aji kawai, sau da yawa a makarantar da ba ta da ɗakin karatu. Wanda ruwansa kaɗan ne, dole ya iya tattali. Haka kuma ina jan kunnen masu buɗe intanet a waya su kwafo jerin ɗaruruwan kalmomi masu haruffa iri ɗaya: jerin da ba a tsince shi gida uku ba, tsaba ce haɗe da tsakuwa.

Shawarata ga malamai mai sauƙi ce. A ware minti goma a darasi, a ɗauki gida ɗaya kowane mako, kalmomi goma, kowacce da jimlarta, a haɗa da kalma ɗaya ko biyu na tarko don yara su koyi taka-tsantsan. Mako 36 a shekara sun ba da kalmomi 360. Shekara shida na sakandare sun ba da 2,160, ban da waɗanda yaro zai warware da kansa. A kuma daina hukunta malami ko ɗalibi don ya yi bayani da Hausa, domin wanda ya fahimci maƙeri da maƙera shi zai fi saurin fahimtar “inspect” da “inspector”. Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, wadda ke horar da malamanmu, za ta iya sanya wannan cikin darussan koyar da Turanci. Masana Hausa da na Turanci a Jami'ar Usmanu Danfodiyo kuma za su iya haɗa kai su fitar da ɗan littafi mai rahusa da zai fara kowane gida da kalmar aro da muka sani.

Ku kuma ɗalibai, ku samu littafin rubutu guda, kowane shafi gida ɗaya. Duk sabuwar kalmar da kuka tsinta, ku tambaye ta abu uku: da wa kika yi kama, kamar ta ma'ana ce ko ta furuci, ko kuwa kama ce kawai? In kun yi shakka, ƙamus ne alƙali. Sannu ba ta hana zuwa.

Sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu.