Kafin Ka Sayi Waya, Buɗe Bakinta Ka Duba Haƙora

In an ɗebe siyasa da ƙwallon ƙafa, babu gardamar da ta fi yawa a majalisun ma'aikata da na ɗalibai a Bakori da Funtuwa da Malumfashi kamar gardamar waya. Wannan ya ce iPhone ce sarauniya, wancan ya ce Samsung, na uku ya ɗaga Tecno ko Infinix tasa ya ce shi dai ba ta taɓa ba shi kunya ba. A yi ta musu a kan kyan hoto da faɗin gilashi da sunan kamfani, a tashi baram-baram. A ganina ana barin jaki ne ana dukan taiki. Tambayar da ta kamaci mai albashi da ɗan makaranta ita ce, shekara nawa wannan waya za ta yi mini aiki? Amsar kuwa ba a jikin kwali take ba, mai shago ma ba kasafai yake faɗinta ba.

Bari mu fara da abin da masu musu kan tsallake. Kowace babbar waya abu biyu ce: akwai gangar jiki, watau batir da gilashi da na'urar ɗaukar hoto, sa'an nan akwai uwar manhaja mai tafiyar da ita, wadda in babu ita wayar gawa ce. Irin waɗannan manhajoji guda biyu ne suka mallake kasuwar duniya. Ɗaya ita ce iOS ta kamfanin Apple na Amurka, wanda ya fito da iPhone ta farko a 2007, kuma ba ya ba kowa aron manhajarsa. Ɗayar ita ce Android ta kamfanin Google, wadda wayarta ta farko ta fito a 2008, shi kuwa ya sakar wa kowane maƙeri ya ɗauka. Saboda haka Samsung ta Koriya ta Kudu, da Tecno da Itel da Infinix da Redmi na ƙasar Sin, duk uwarsu ɗaya, kowane kamfani dai ya ɗinka mata tasa rigar. Ashe mai Samsung da mai Tecno da ke cacar baki 'yan ɗaki ɗaya ne.

Abin da ya sa na damu da uwar manhaja shi ne mun riga mun ga yadda waya ke mutuwa da lafiyarta. Duk wanda ya yi jami'a a Zariya wajen 2011 zai tuna lokacin da BlackBerry ke tashe, har samari na musayar lambarta kamar wani katin shiga sahun manya. Ran 4 ga Janairu, 2022, kamfanin ya rufe hidimar tsofaffin wayoyinsa baki ɗaya. Nokia, wadda ta koya wa ƙauyukanmu riƙon waya bayan zuwan sabis a 2001, ta sayar da sashen wayoyinta ga Microsoft a 2014, manhajar Windows da aka ɗora musu kuma ta bi ruwa. Waɗanda suka sayi irin waɗannan wayoyi ba su yar da su a ƙasa ba, ba su jefa su a ruwa ba. Mai manhaja ne ya janye hannunsa.

To, ba za a rasa dalilin da ya sa wayoyin Tecno da Itel da Infinix suka cika shagunanmu ba. Duk ukun na kamfani ɗaya ne, Transsion, wanda aka kafa a 2006, mai hedkwata a birnin Shenzhen, ya kuma buɗe masana'anta a Habasha a 2011. Wannan kamfani ya yi abin da manya suka raina, watau ya zauna ya dubi halin da mai saye yake ciki. Ya ga sabis ba shi da tabbas, ya sa gurbin layi biyu. Ya ga wuta ba ta zama, ya sa babban batir. Ya gyara na'urar hoto yadda za ta fitar da baƙar fata, ya sa Hausa cikin harsunan wayar, ya kuma baza kayan gyara ko'ina. Mutumin Tsiga ko Guga ko Kakumi, wanda yake biyan kuɗi a rumfar mai caji kafin wayarsa ta sha wuta, wanda kuma in layi ɗaya ya ɗauke sai ya juya ɗayan, ba shi bukatar wani ya yi masa lacca a kan amfanin waɗannan abubuwa. Gilashin Itel ya fashe da safe, kafin azahar an sa wani a Funtuwa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma masu yi wa waɗannan wayoyi dariya a ofis su tuna da shi.

Sai dai aikin da ake ɗora wa waya yanzu ya wuce gaisuwa da sauraron wa'azi. Tun 2012, lokacin da Akinwumi Adesina yake Ministan Gona, aka fara aiko wa manoma saƙon takin gwamnati ta waya. A Disamba 2020 aka umurci kowa ya haɗa layinsa da lambar shaidar ɗan ƙasa. Ɗalibi ba ya rajistar jarrabawar JAMB sai da layi nasa na kansa, rancen karatu na NELFUND da aka buɗe a 2024 kuwa ta intanet ake nema. A farkon 2023, sa'ad da canjin kuɗi ya sa takardar Naira ta yi ɓatan dabo, dillalin masara da mai shayi duk sai da suka koyi karɓar kuɗi ta waya. Ma'ana, wayar da ke aljihun ma'aikaci a yau ita ce bankinsa, ita ce fayil ɗinsa, ita ce shaidarsa. Abin da ke riƙe da albashin mutum kuwa bai kamata a zaɓe shi don launi ba.

A nan ne masu iPhone suke da hujja, ko da yake da yawansu ba ita suke kawowa ba. Apple yakan ci gaba da sabunta manhajar wayoyinsa shekara biyar, shida, wani lokaci fiye, yana toshe ƙofofin da ɓarayin intanet suka gano. Amma mu yi lissafi. An fitar da iPhone 16 a 2024 a kan Dala 799 a Amurka. Ko a ce Naira 1,500 ce Dala ɗaya, kuɗin ya tasam ma Naira miliyan 1.2, kafin kuɗin kwastan da ribar ɗan kasuwa. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a wannan shekarar Naira 70,000 ne. Ke nan albashin wata 17 ne cur, ba ci ba sha. Don haka mafi yawan iPhone da ake gani a hannun matasanmu ta hannu ce, an kawo ta daga Turai ko Amurka ta biyo ta Ikko ta sauka a kasuwar Farm Centre ko titin Beirut a Kano, bayan mai ita na farko ya cinye mafi kyawun shekarunta.

Ita ta hannun nan tana da tarkuna da ya kamata ɗalibi ya sani kafin ya zuba kuɗin makarantarsa. Tun 2013 Apple ya sa wa wayoyinsa makulli wanda ke ɗaure waya da asusun mai ita; in na farko bai cire nasa asusun ba, ranar da aka wanke wayar ta zama madubi. Daga iPhone 14 ta 2022, waɗanda aka yi don kasuwar Amurka ba su da gurbin sa layi sam, sai an je ofishin kamfanin sadarwa an ɗora layi marar kati, abin da ba kowane gari ake samu ba. Batir ɗinta ya riga ya gaji, na asali kuma tsada. Sa'an nan tsufa bai bar ta ba ita ma: a 2025 WhatsApp ya daina aiki a kan iPhone 5s da 6 da 6 Plus. Wanda ya sayi ɗaya daga cikinsu don a gan shi da hoton tuffa a bayan waya, yanzu sai dai ya kunna tocila da ita.

Amma kada mai Android mai araha ya yi saurin tafi, domin nasa ciwon ya fi ɓoyuwa. Google yana fitar da sabuwar Android kowace shekara, sai dai ba shi ke aika ta cikin wayarka ba. Maƙerin wayar ne zai ɗauka, ya daidaita ta da tasa rigar, ya aiko. Wannan aiki yana cin kuɗi, riba kuwa a wayar talaka ƙanƙanuwa ce. Shi ya sa da yawa daga cikin wayoyi masu araha gyaran tsaro na shekara ɗaya ko biyu kawai suke samu, wasu ma da manhajar da aka haife su za su mutu. Waya tana nan garau a ido, amma wata rana manhajar banki ta ce ba ta san ta ba. WhatsApp ya yi haka a Oktoba 2023, ya yar da duk wayar da ba ta kai Android 5 ba, kuma ba shakka zai sake ɗaga sandar. Ko daga masana'anta ma a kan samu matsala: a 2020 masu bincike suka gano muguwar manhaja mai satar data da kuɗin kira a cikin dubban wayoyin Tecno W2 da aka sayar a Habasha da Ghana da wasu ƙasashen Afirka, kamfanin ya ce daga wani mai kawo masa kaya ta shigo, ya fitar da magani. Maganin irin wannan cuta ta hanyar sabuntawa yake zuwa, wayar da aka daina sabunta ta kuwa ba mai kai mata.

Mu ma da namu laifin. Android tana barin mutum ya ɗora manhaja daga ko'ina, mu kuwa mun saba a tura mana ta Xender a rumfar mai caji tare da finafinai, ba mu tambayar asalinta. Ta irin wannan ƙofa ne manhajojin bashi suka riƙa kwashe lambobin mutane suna aika wa dangi da abokan aiki saƙon cin mutunci, har sai da Google ya hana su taɓa lambobi da hotuna a 2023. Hanin ya shafi waɗanda ke cikin shagonsa ne kawai. Wadda aka tura maka a kasuwa ba ta san da shi ba.

(Akwai lokacin da wannan gardama ta mutu murus. A Satumba 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka katse sabis a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda 'yan bindiga, har da Bakori da Funtuwa da Malumfashi. Watannin nan mai iPhone da mai 'yar ƙaramar nan da yara ke kira raka-ni-kashi tare suke shiga mota neman inda za su yi kira, kuma ta ƙaramar ce cajinta ke kai su ya dawo da su.)

Babu manomin da zai sayi bijimin huɗa a kasuwar Sheme don kyan ƙaho. Sai ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya san daminar da ta rage masa. Waya ma tana da haƙora. A shiga sashen saituna, a nemi wurin bayanin waya, za a ga lambar Android da ranar da aka yi mata gyaran tsaro na ƙarshe. Android 11 ta 2020 ce, Android 16 ta 2025. Wanda ya miƙo maka waya cikin leda ya ce sabuwa ce fil, ka duba ka ga 11, to tsohon sa ne aka shafa wa mai. Bayan haka a tambayi shekarun da maƙerin ya yi alkawarin sabuntawa. Wasu kamfanoni sun fara faɗi a fili: Google ya ɗauki alkawarin shekara bakwai a kan Pixel 8 a 2023, Samsung ya yi haka a kan S24 a 2024, ya kuma ba A16, wadda ke cikin masu sauƙin kuɗi, shekara shida. Ba talla nake yi wa kowa ba. Abin da nake so shi ne a fara auna waya da wannan mudu, har sauran kamfanoni su ga dole su bi.

Lissafin mai sauƙi ne. A misali, wayar Naira 120,000 da za ta yi shekara biyu ta ci maka 60,000 kowace shekara, ta 200,000 da za ta yi biyar kuwa 40,000, ko an ƙara kuɗin canza batir sau ɗaya tana nan ƙasa. Na san malamin firamare zai ce ina ya ga 200,000 a dunƙule, kuma gaskiyarsa. Shi shawarata gare shi ita ce ya sayi wadda ƙarfinsa ya kai, amma mafi sabuwar manhaja, ya kuma ajiye layin da albashinsa ke shiga a cikin ƙaramar waya mai maɓalli, ya riƙa aika kuɗi da lambobin nan na tauraro, waɗanda ba su bukatar data ko sabuntawa. Ƙungiyoyin adashi na ma'aikata su ma suna iya saye a dunƙule su cira a albashi sannu a hankali, kamar yadda suke yi da shinkafar azumi.

Sauran aikin na hukuma ne. Tun ran 20 ga Yuni, 2025, Tarayyar Turai ta wajabta wa duk mai sayar da waya a ƙasashenta ya ci gaba da sabunta manhaja aƙalla shekara biyar bayan daina sayar da samfurin, ya tanadi kayan gyara shekara bakwai, batir kuma ya jure caji 800 yana riƙe da kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsa. Wasu daga cikin kamfanonin da ke bin wannan doka a can su ne suke kawo mana kaya nan. Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC, dama ita ke tantance kowane samfurin waya kafin a sayar da shi a Nijeriya. Ko ba ta kai ga irin dokar Turai ba, tana iya hana takardar amincewa ga duk wayar da ba a rubuta a jikin kwalinta, da Turanci da manyan harsunanmu, shekarar da za a daina sabunta ta ba. Ma'aikatun jiha kuma, duk sa'ad da za su sayi wayoyi ko alluna don malaman gona, ko ma'aikatan lafiya, ko masu ƙidayar ɗalibai, ya kamata jami'in da ke rubuta takardar kwangila ya sa wannan sharaɗi a ciki, kusa da layin farashi, ɗan kwangila ya sa hannu a ƙarƙashinsa.